ƘASIDAR BIKI TA KOMA CIKIN WAYA: Yadda Masu Wasanni A Sabon Tasha Ke Neman 'Yan Kallo

Duk wanda ya saba bin hanyar Kachia daga cikin garin Kaduna, ya haye gadar kogi, ya wuce Telebijin da Unguwar Sunday har ya isa Sabon Tasha, ya san cewa da wuya a sami bango guda a bakin wannan hanya wanda ba a manna masa takarda ba. Ga ta ɗan takara, ga ta taron addu'a, ga ta makarantar kuɗi mai neman ɗalibai, ga ta mai maganin gargajiya, wata a kan wata, har ruwan damina ya zo ya wanke su a sake sabon lale. A tsakaninsu akan tsinci ta 'yan wasan kwaikwayo, ko ta mawaƙa, ko ta wata ƙungiyar raye-rayen gargajiya da ke gayyatar jama'a zuwa bikinta na ƙarshen shekara.

Sai dai bango ba shi kaɗai ke ɗauke da irin wannan sanarwa ba a yanzu. Ƙasidar biki, watau ɗan littafin nan mai shafi takwas ko goma sha shida wanda akan rubuta tsarin shirye-shirye a ciki, da sunayen masu wasa, da hotunan iyayen taro, da saƙonnin fatan alheri, ta sami wata hanya ta biyu ta isa ga jama'a. Maimakon a jira ranar biki a raba ta a bakin ƙofa, sai a tura kwafinta ta wayar hannu mako biyu ko uku kafin ranar, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu tana yin aikin da sanƙira yake yi a da. Abin da ya kamata a duba shi ne ko wannan hanya tana kawo sababbin 'yan kallo, ko kuwa waɗanda aka saba gani ne dai take sake tarawa.

Sabon Tasha, wadda mazaunanta suka fi kira da Sabo, tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun ne, kudu da Kogin Kaduna. Ta bunƙasa ne tare da masana'antun wannan sashe na gari, musamman masaƙun Kakuri, da kamfanin haɗa motocin Peugeot wanda ya fara aiki a 1975, da matatar mai da aka buɗe a 1980 a gaba kaɗan a kan wannan hanya ta Kachia. Ƙasar ta Gbagyi ce tun asali, amma a yau akwai Bajju da Atyap da Ham da Adara da mutanen Kagoro, akwai Ibo da Yarabawa da Idoma da Tibi, kuma Hausa ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da tasha da majami'a. Wurin da ya tara jama'a iri-iri haka ba ya rasa kiɗa da rawa. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suna da waƙoƙinsu da tukwanen kiɗansu, matasan majami'u suna shirya wasan kwaikwayo a lokacin Kirsimeti da Ista, ƙungiyoyin ci gaban garuruwa suna da ranakun al'adunsu, ga kuma samari masu waƙar zamani da masu karanta waƙe a gaban jama'a. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan taruka yana da ƙasidarsa, domin a ganin mutane bikin da ba shi da ita bai cika biki ba.

Tsadar Takarda

Abin da ya fara tura masu shirya biki zuwa ga waya shi ne kuɗi. Mai karatu wanda bai taɓa kai aiki maɗaba'a ba zai so ya san yadda lissafin yake. Da farko akan tsara shafukan a kwamfuta, galibi da manhajar CorelDRAW wadda masu shagunan ɗab'i a ƙasar nan suka fi sabawa da ita. Sa'an nan a rarraba launukan gida huɗu, kowane launi a yi masa farantinsa, a ɗora a inji a buga, a naɗe, a ɗinke da ƙusar waya a tsakiya. Saboda wannan naɗi ne yawan shafukan ƙasida kan zama huɗu-huɗu, takwas ko goma sha biyu ko goma sha shida. Kuɗin farantan nan ɗaya ne, ko kwafi 100 za a buga ko 5,000. Ke nan babbar hukuma mai buga dubbai ita ke samun sauƙi a kan kowane kwafi, ƙaramar ƙungiyar matasa mai son 150 kuwa ita ke ɗanɗana kuɗarta. Akwai injinan zamani masu bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da faranti ba, amma su kuma kowane shafi da farashinsa, ba ya sauka komai yawan abin da aka buga.

A kan wannan kuma ga tsadar takardar kanta. Masana'antun takarda uku da Gwamnatin Tarayya ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biya wa ƙasa bukatarta, saboda haka takarda mai sheƙi da tawada da farantai duk daga waje ake shigo da su. A watan Yuni na 2023 ne aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, makonni kaɗan bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, kuma abubuwan biyu sun faɗa wa mai maɗaba'a a lokaci guda, ɗaya ta wajen kayan aiki, ɗaya ta wajen janareto da sufuri. Shi kuma ba shi da wanda zai ɗora wa nauyin sai mai kawo aiki.

Bayan kuɗi akwai wata wahalar da duk sakataren ƙungiya ya sani. Da zarar an buga, an gama. Idan babban baƙo ya aiko da uzuri, ko mai ɗakin taro ya sauya rana, ko aka gano an rubuta sarautar wani ba daidai ba, sai dai a zauna da biro ana gyara ɗaya bayan ɗaya, ko a sake biyan kuɗi.

Kwafin waya ya kawar da yawancin waɗannan. Fayil ɗin da mai tsarawa ya riga ya shirya domin maɗaba'a, shi ne akan juya zuwa PDF, wani tsari da kamfanin Adobe na Amurka ya fito da shi a 1993 domin shafi ya fito iri ɗaya a kowace na'ura. Tun 2016 WhatsApp ya ba da damar tura irin wannan fayil, kuma daga nan ne abin ya zama ruwan dare. Ba kuɗin takarda, ba kuɗin mota. Ɗan Kagoro da ke aiki a Ikko ko Fatakwal yana iya ganin tsarin bikin Afan, wanda ake yi a garinsu ranar 1 ga watan Janairu kowace shekara, tun kafin ya nemi hutu a ofis. Haka mutanen Kwoi da bikinsu na Tuk-Ham da ake yi a wajejen Ista. Ga ƙungiyoyin 'yan asalin waɗannan garuruwa da ke zaune a Sabon Tasha, wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin su ne tsani tsakanin gida da 'yan'uwan da ke nesa.

Amma fa araha ba ta ado. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki fayil ɗin maɗaba'a yadda yake a tura. Wannan fayil an yi shi ne domin inji. Hotunansa suna da nauyi, domin ɗab'i yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, alhali fuskar waya ba ta bukatar ko kusa da haka. Ƙasidar da za ta iya zama megabait 2 sai ta zama 30 ko 40, kuma mutumin da ya sayi data ta kwana guda yana ganin wannan lamba a jikin saƙo zai wuce abinsa. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, saboda haka kuɗin da mai biki ya huta biya wa maɗaba'a, wani ɓangarensa ya koma kan wanda ake gayyata ne.

Har ila yau, fayil ɗin maɗaba'a yakan zo da shafukansa a jere irin na naɗi. A ƙasida mai shafi 16, shafi na 16 yana kusa da na 1, na 2 yana kusa da na 15, da haka har tsakiya. A kan takarda, idan aka naɗe, komai ya koma wurinsa. A waya kuwa mai karatu zai ga jawabin godiya kafin addu'ar buɗe taro. Ko da an jera shafukan daidai, rubutun da aka tsara domin takarda mai faɗin tafin hannu biyu yakan zama kamar ƙwayar gero a fuskar waya, sai an yi ta ja da yatsu ana matsawa hagu da dama. Masu tsarawa da suka gane wannan sukan yi kwafi na biyu daban: shafi ɗaya-ɗaya a tsaye, rubutu manya, layi guda daga sama zuwa ƙasa, kuma rana da wuri da lokaci da kuɗin shiga su zo a shafin farko, a bar hoton shugaban taro ya biyo baya. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin ba kowane shugaban taro ke yarda a tura shi shafi na uku ba.

Sa'an nan ga matsalar da ta shafi harshe. Yawancin haruffan ado da masu tsarawa ke so ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan aka yi amfani da su sai harafin ya fito a matsayin ɗan akwati, ko ya fito da wata siffa daban da ta 'yan'uwansa, ko kuma mai tsarawa ya gaji ya cire lanƙwasar gaba ɗaya. Ta haka ne manyan baƙi kan koma manyan baki a shafin farko na takardar da aka buga domin girmama su. Masu rubutu da Tyap da Jju, waɗanda ke sa alama a ƙarƙashin wasu wasula, su ma suna fama da irin wannan. Maganin ba shi da tsada, zaɓen harafi ne mai ɗauke da waɗannan alamomi, da kuma tabbatar da an cusa shi cikin fayil ɗin kafin a tura.

Ƙetare Kogi

Duk waɗannan gyararraki ne na sana'a, kuma wanda ya so zai koya cikin mako guda. Abin da ya fi su nauyi a Kaduna shi ne kogi.

Ba sabon labari ba ne cewa rikicin watan Fabrairu da na Mayu na 2000, da kuma na Nuwamba na 2002, sun sauya zaman garin nan. Iyalai da yawa sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, Musulmi suka fi karkata arewa da kogi, Kirista suka fi karkata kudu, ko da yake akwai unguwannin da har yanzu ake zaune a cakuɗe. Sabon Tasha da Unguwar Boro da Kamazou da Romi suna cikin wuraren da suka cika suka batse a sakamakon wannan ƙaura. Yaron da aka haifa a shekarar 2000 yau magidanci ne ko ya kusa, kuma yana yiwuwa ya girma bai taɓa zama ajin firamare ɗaya da wanda ba addininsu guda ba.

Su kuwa manyan wuraren da akan yi bukukuwan fasaha na gari, yawancinsu a arewa suke: Gidan Arewa a titin Rabah, Gidan Tarihi na Ƙasa a titin Ali Akilu, Dandalin Murtala, da lambun Gamji a bakin kogi. A Kaduna aka yi babban hawan daba na bikin FESTAC a 1977, a zamanin da rediyo da jarida da takardar manne ke cikin manyan hanyoyin sanarwa. A nan aka yi Bikin Fasaha da Al'adu na Ƙasa, watau NAFEST, a watan Oktoba na 2017. A watan Yuli na wannan shekarar kuma aka fara Bikin Littattafai da Fasaha na Kaduna, KABAFEST, wanda Lola Shoneyin ta shirya tare da Gwamnatin Jihar Kaduna a Cibiyar Gusau, inda marubuta irin su Leila Aboulela ta ƙasar Sudan da Zaynab Alkali suka halarta. A 2021 Sada Malumfashi da ƙungiyar Open Arts suka fara bikin littattafai da fasaha na Hausa, HIBAF. A kudu kuwa, wasanni sun fi gudana a zaurukan majami'u, da filayen makarantu, da ɗakunan taro na haya a Barnawa da Narayi da Sabo.

A bisa lissafi, ƙasidar waya ita ce ya kamata ta rushe wannan shinge. Ba ta bukatar hawa motar haya, ba ruwanta da cunkoson gada, ba ta tsoron dare. Fayil ɗin da aka tura daga Unguwar Rimi yana isa Sabon Tasha kafin mai turawa ya ajiye wayarsa. Amma wa yake isa gare shi? Saƙon WhatsApp ba ya zuwa sai ga wanda kake da lambarsa, ko wanda kuke zaure ɗaya da shi. Zaurukan nan kuwa an gina su ne a kan zaman da ake yi: zauren majami'a, zauren masallacin unguwa, zauren 'yan gari ɗaya, zauren dangi. Ƙasidar wasan kwaikwayon matasan wata majami'a a Sabo tana iya shiga zaure 40, ta je Jos da Abuja da Landan, ba tare da ta faɗa wayar mutum ɗaya a Tudun Wada ko Kawo ba. Haka ita ma ta taron marubutan Hausa tana iya kaiwa Kano da Yamai ta bar Unguwar Boro a baya. Tun watan Janairu na 2019 ma WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda domin rage yaɗa ƙarya, kuma mutum in zai zaɓi biyar, na kusa da shi zai zaɓa.

A nan takardar bango ta fi ta. Bango ba ya tambayar sunan mai wucewa. Direban da ya kawo kaya kasuwar Sabo daga Kasuwar Barci, da ma'aikacin jinya da ke jiran mota, da ɗan makarantar da ya zo gaida abokinsa, duk suna iya ɗaga kai su gani. Ita ma ƙasidar takarda da aka bari a kan teburin ɗakin karatu ko a shagon aski, duk wanda ya zauna zai ɗauka ya duba. Facebook da Instagram suna da ɗan wannan hali, musamman idan an biya kuɗin talla an ce a nuna wa duk mazauna Kaduna, amma in ba a biya ba su ma abokan abokai suke bi.

To, ina ne jama'ar sassan biyu ke haɗuwa har su yi musayar lambar waya? Wurare biyu ne suka fi fitowa fili, ofis da makaranta. A sakatariyar jiha, da asibitoci, da hukumomin tarayya, wanda ya taso daga Rigasa da wanda ya taso daga Sabon Tasha suna zaune tebur da tebur, kuma kusan kowane sashe yana da zaurensa na ma'aikata. Haka a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda kowane aji ke da nasa. Waɗannan zauruka su ne gadojin da ƙasidar waya za ta iya bi, kuma ma'aikaci ko ɗalibin da ya ga sanarwar wasa a zauren unguwarsu ya tura ta zauren ofis ko na aji, ya yi abin da duk wata manhaja ba za ta yi da kanta ba. Sau da yawa ba a yi, don gudun kada a ce an kawo abin da bai shafi aiki ba, ko don an riga an yanke a zuci cewa mutanen can ba za su zo ba. Mai shirya biki da ya san abin da yake yi ba zai bar wannan ga sa'a ba. Zai zauna da kwamitinsa ya tambayi kowa zaurukan da yake ciki, ya ware waɗanda suka haɗa jama'a, ya kuma rubuta ƙasidar da Hausa da Turanci, ya bayyana inda za a sauka daga mota da lokacin da za a tashi, domin wanda zai ƙetare kogi abin da ya fara tunani shi ne yadda zai koma gida kafin dare. Hanyar Yakowa da gadarta sun rage nisa tsakanin sassan biyu ƙwarai, amma ƙasidu kaɗan ne ke tunawa su faɗa wa baƙo ta inda zai biyo.

Ranar Da Waya Ta Yi Shiru

Shekaru biyu a jere sun nuna ƙarfin wannan hanya da kuma rauninta. A ƙarshen watan Maris na 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar zaman gida saboda annobar korona, aka rufe wuraren taro da na ibada, maɗaba'u suka tsaya. A wannan shekara bukukuwa da yawa a duniya sun koma intanet ɗungurungum, ciki har da bikin Aké na Lola Shoneyin, kuma mutane da dama da ba su taɓa buɗe PDF a waya ba suka koya a dole.

Shekara ta gaba sai abin ya juya. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wanda marubuta da masu zane suka dogara da shi wajen sanarwa. A ƙarshen watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da wasu yankuna na Chikun, ba a maido ba sai ƙarshen Nuwamba. A tsakiyar wannan hali ne, a watan Oktoba, aka yi HIBAF na farko. Wanda yake zaune inda katsewar ta shafa, ko da an tura masa ƙasida sau goma ba za ta iso ba sai ya shigo inda akwai layi. Ko ba irin wannan ba, akwai dattawan da ba su riƙe sai ƙaramar waya ta kira, akwai wanda wayarsa ta cika ba wurin ajiya, akwai wanda wuta ta kwana biyu ba ta zo unguwarsu ba. Shi ya sa sanarwar bayan sujada ranar Lahadi, da ta gidajen rediyo, da saƙon murya da akan haɗa da fayil ɗin domin wanda karatu ke yi wa wuya, ba su rasa matsayinsu ba.

Akwai kuma abin da ya shafi amana. Fayil ɗin da ya fita ba ya dawowa. Idan aka sauya rana aka tura sabo, tsohon yana nan yana yawo, sai jama'a su rabu biyu kowa da ranarsa. Wasu sukan kauce wa wannan ta hanyar ajiye ƙasidar a wuri ɗaya a intanet, kamar Google Drive ko Issuu, su tura adireshin kawai, ta yadda duk gyaran da aka yi kowa zai gani. Wasu sukan buga alamar QR, wannan ɗan murabba'i mai zane-zane da aka ƙirƙiro a Japan a 1994, a jikin takardar bango, mai waya ya haska ƙasidar ta buɗe. Wannan dabara ta haɗa amfanin bango da na waya wuri guda. Illarta ita ce sai da data a duk lokacin da za a duba. Sa'an nan duk ƙasidar da ke ɗauke da lambar asusun banki domin sayen tikiti ko ba da gudummawa tana bukatar kulawa, domin wanda ya iya kwamfuta ba zai sha wuya ba wajen sauya lambar ya sake turawa.

Ma'ajin ƙungiya kuma yana da nasa kukan. A al'ada, shafukan baya na ƙasida su ke biyan kuɗin na gaba. Ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ko wani babban ɗan gari yakan sayi shafi ko rabinsa a sa hotonsa da saƙon taya murna, kuma a wurin taro akan ƙaddamar da ƙasidar a tara kuɗi. Mutumin da ya biya yana so ya riƙe abin a hannu, ya kai gida ya ajiye a falo. Ba a ƙaddamar da fayil, ba a kuma sa masa hannu. Wanda ya ajiye ƙasidarsa a intanet yana iya nuna wa mai talla adadin waɗanda suka buɗe, abin da takarda ba ta taɓa iya yi ba, amma wadda ta bi ta WhatsApp ba mai iya ƙidaya inda ta kai. Saboda haka abin da ya fi dacewa da ƙananan ƙungiyoyi shi ne raba ƙafa: a buga kaɗan masu kyau domin babban tebur da masu talla, sauran jama'a a tura musu ta waya.

Abu na ƙarshe ya fi shafar ɗalibai da masu bincike. Ƙasidar biki takarda ce ta tarihi, ko da masu buga ta ba su nufa ba. A cikinta ake samun sunan wanda ya yi kiɗa, da wasan da aka nuna, da sarkin da ya halarta, da ƙungiyoyin da suke raye a wannan shekara. Irin waɗannan ƙananan takardu suna cikin abin da mai bincike kan nema a Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, da reshen Kaduna na Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku, gwamnatin jiha goma, ta tarayya ashirin da biyar, kuma an tsara ta ne a zamanin da takarda kaɗai aka sani. Ita takarda, ko ba a kai ta ko'ina ba, takan kwana a akwatin wata tsohuwa shekara 40. Fayil kuwa yana tafiya tare da wayar da aka sace, ko kwamfutar shagon da aka goge don a sami wuri, ko adireshin da aka daina biya wa kuɗi. Wanda aka ɗora a sashen nan na WhatsApp da ake kira Status, awa 24 kawai yake yi.

Ma'aikatun da ke kula da al'adu da ɗakunan karatu suna iya buɗe adireshi guda inda kowace ƙungiya za ta aika da kwafin ƙasidarta, a ajiye bisa shekara da unguwa, kuma aikin bai fi ƙarfin ma'aikaci ɗaya da kwamfuta ɗaya ba. Kafin a kai ga haka, sakataren ƙungiya a Sabon Tasha yana iya ware kwafi biyu daga cikin 'yan kaɗan ɗin da aka buga wa babban tebur, ɗaya ya sa a fayil ɗin ƙungiya, ɗaya ya ba wani ɗan kwamiti mai aiki a cikin gari ya biya da shi titin Rabah ranar Litinin.